Kunnen Leli Farrugia

A yammacin Melbourne, daga Sunshine har St Albans, duk dattijon da ya sayi sabon dak ba ya fara nuna wa matarsa, don ya san tambayar da za ta yi masa. Gidan Leli Farrugia yake nufa da shi, ko ledar bai gama ɓarewa ba. Dak shi ne akwatin nan da ke karɓar lambobi daga kwamfuta ko faifai ya mai da su kiɗa, kuma a wurin 'yan ƙungiyarmu ta masu sauraro, dak bai cika dak ba sai Leli ya buɗe cikinsa.

Yadda yake yi bai taɓa canzawa ba. Zai karɓa da hannu biyu, ya kwance notuna ya tara su a murfin kwalba, ya leƙa ciki da tabarau a kan hanci yana tsaki. Sai ya ɗora bakin sukudireba a kan wata 'yar baƙar aba mai ƙafa takwas, can kusa da inda sauti ke fita, wadda ba ta fi farcen ƙaramin yatsa ba.

"Ga ɓarauniyar nan," in ji shi. "Ita ke cinye maka kiɗa tun bai iso kunnenka ba."

Ofam ake ce da ita. Aikinta ta karɓi ɗan raunannen sautin da dak ya haifa, ta tace shi, ta ba shi ƙarfi, ta miƙa wa amfilifaya. Irinta sun fi a ƙirga, kuma a takarda kusan duk abu ɗaya suke yi. Leli kuwa ya ce kowace da muryarta, kamar mata a kasuwar Footscray. Sai ya narkar da dalma ya cire ta kamfani, ya dasa soket a gurbinta, ya jawo tsohon gwangwanin biskit inda ya sossoke nasa a jikin soso. Ya sa wannan, ya koma kujera ya rufe ido. Ya tashi ya sa waccan. Kiɗa ɗaya tak yake gwaji da shi shekara da shekaru, wata mata da goge, a bayanta wani makaɗi yana shafa farantan tagulla da burushi. Mai dak yana tsaye, shayi ya huce masa a hannu, ko tari ba ya iyawa. Can Leli zai buɗe ido ya ce, "Wannan ce taka." Shi ke nan an yanke hukunci, babu ɗaukaka ƙara.

Ba a makaranta ya samo wannan matsayi ba. Yana ƙaramin yaro jirgin ruwa ya sauke su daga Malta, shi da iyayensa da akwatin katako. Turanci ya zo masa da wuya, malamai suka tura shi bencin baya, ya bar aji da wuri ya shiga koyon aikin lantarki a wani babban garejin gyaran jiragen ƙasa. A can, cikin ƙarar guduma da injin goge ƙarfe, aka gano yaron yana da wata baiwa. Sai ya ratsa ta gaban inji yana aiki, ya tsaya, ya karkata kai ya ce boris ɗin wannan ya kusa mutuwa. A yi masa dariya, kafin mako ya zagayo injin ya tsaya. Daga nan waɗanda ke kiransa da sunayen rainin da ake laƙaba wa baƙi suka koma kiransa Kunne. Ya yi aiki a wurin har ya yi ritaya, bai taɓa toshe kunnensa da komai ba, don a zamaninsu mai toshe kunne rago ne.

Kunnen nan shi ne duk abin da Leli ya mallaka wanda zai ɗaga kai a kansa. Gidansa na bulo ne irin na kowa a layin, motarsa ta tsufa, gwiwa ta fara ba shi labari. Tessie matarsa ta fi shi baki, 'ya'yansa sun fi shi karatu. Amma idan aka kunna kiɗa aka yi tsit, fuskarsa kowa yake kallo kafin ya san ko abin da ya ji yana da daɗi. Ya san haka, yana jin daɗinsa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Da tsufa ya fara shigowa sai ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Ya fara cewa kayan yanzu duk sun dushe, kamfanoni sun lalace, kiɗa ba ya numfashi. Ya juya wa ofam ɗin da ya saba yabo baya, ya koma neman masu saurin tsiya, irin waɗanda aka ƙera don na'urorin awo da na hoto. Kusa da kowace ofam akwai wani mitsitsin kafasita da masu ƙira ke sawa ya zama mata linzami. Leli ya ƙulla gaba da shi. "Wannan shi ke shaƙe ta," zai ce, ya sa ɗan almakashin waya, ƙyas, ya wurga a kwandon shara. Idan ya sake kunnawa sai ya lumshe ido: "Ka ji iska? Ka ji fili ya buɗe?" Mai dak ya ce ya ji. Mu duka mun ji, ko mun ce mun ji, kuma a ƙungiya irin tamu bambancin ba shi da yawa.

Yana da na'urar awo a ƙarƙashin tebur, irin mai ɗan allon nan da ke zana sauti da koren layi. Tsumman goge kwano ya lulluɓa mata. Duk wanda ya ce a ɗan gwada da ita, amsa ɗaya yake samu: "Ita za ta saurari kiɗan ko kai?"

Babban amininsa shi ne Neville Tuckwell, tsohon malamin makaranta, dogo, mai sanyin magana. Tun suna samari suke tare, ba su taɓa yarda da juna a kan ƙwallo ko siyasa ba. Neville ba ya taƙama da kunne, da hannu yake taƙama. Sifikun falonsa shi ya ƙera su, kuma abin da ake zuwa kallo a jikinsu tuwitocin ne, wato 'yan bakunan da ke fitar da sauti mafi siriri, can ƙololuwa, sama da inda sauran bakunan ke tsayawa. Ba saya ya yi ba. Lokacin sanyi guda ya ƙarar yana yanka takardar alminiyam da ba ta kai kaurin fatar albasa ba, yana yi mata 'yan ninki, yana rataya ta tsakanin maganaɗisu, ta yage ya sake, har ya sami guda biyu da suka yi daidai da juna. Wannan kafin rawar hannu ta kama shi ne. Yanzu ko shayi rabin kofi ake zuba masa.

Da Neville ya sayi sabon dak a ƙarshen lokacin zafi, Leli ya yi masa aikin aminci. Ya zaɓo ofam ɗin da ta fi kowace sauri a gwangwanin, wadda yake ajiye wa kansa, ya yi ƙyas ɗinsa, ya kai masa har gida ya haɗa da hannunsa, aka ba shi shayi ya sha yana yabon aikinsa.

Ƙungiyar takan haɗu ranar Lahadi da rana, sau ɗaya a wata, gida-gida. Akwai ƙa'ida. Kujera ɗaya ce a tsakiya, daidai inda sautin sifiku biyu ke haɗuwa, kowa ya zauna a kanta bi da bi. Ba a magana sai kiɗa ya ƙare, kuma Leli ne ke fara faɗin abin da ya ji. Kafin zagaye ya zo kan Neville sanyi ya fara leƙowa. Dattawa suka cika falon da rigunan ulu, Tessie ta aiko da tiren pastizzi mai zafi, gasasshiyar fulawar nan ta Malta mai cuku a ciki.

Aka sa matar nan da gogenta. Leli ya zauna a tsakiya, hannuwa a kan ciki, ido a rufe. Da aka gama ya sauke numfashi.

"Nev, ai wannan shi ne. Ka ji saman nan? Kamar an buɗe taga. Tuwitocinka ba su taɓa waƙa irin ta yau ba."

Neville ya washe baki. Stavros, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tuƙin tasi kuma bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya karɓe: "Ni fa har gashin burushin nake ƙirgawa, mutumina. Ɗaya bayan ɗaya." Wani ya ce siliki. Wani ya ce ruwan sanyi. Haka aka yi ta zuba, kowa yana ƙoƙari ya fi na gabansa jin abin da Leli ya ji.

An sake saka kiɗan ke nan sai ga Bronwyn, 'yar Neville, ma'aikaciyar asibitin haƙori, da ledar magungunan ubanta a hannu. A falon nan ta girma, kiɗan nan ta ji shi har ya gundure ta. Ta tsaya a bakin ƙofa don ta san ƙa'ida, amma ta kasa jira.

"Baba, wai har yanzu ba ka gyara su ba?"

"In gyara me?"

"Sifikun mana. Kamar an lulluɓa musu bargo."

Aka kwashe da dariya. Stavros ya ce, "Ku ji min kunnen waya! Ke 'yar nan, wuce kicin akwai pastizzi, ki bar manya su ji kiɗa."

"Kawu Stav, ni ba faɗa na zo yi ba. Ina farantan? A daidai nan akwai wani tsss-tsss da ke shiga min kai tun ina firamare. Babu shi."

Leli ya juyo a kujera da haƙurin wanda ya saba wayar da kan jama'a. "Yana nan, Bron. Laushi ya yi, shi ya sa. Da can ƙara kike ji, yanzu kiɗa ne."

"Kawu Leli, na rantse babu shi. Tun bikin Ista da na zo babu shi. Na ɗauka Baba ya cire su ne zai yi wani gyara."

Ba ta jira izinin kowa ba. Ta ajiye leda, ta sa yatsu ta ɓalle ƙyallen fuskar sifikar hagu.

Takardar alminiyam ɗin ta rabu biyu. Rabin sama yana lilo tsakanin maganaɗisu, bakinsa ya yi baƙi ya nannaɗe kamar gashin da ya taɓa wuta, rabin ƙasa ya zube. Ta ɓalle na dama. Shi ma haka.

Kiɗan yana tafiya, ba wanda ya tuna ya kashe. Dattawa cike da falo, baki buɗe, suna kallon matattun bakuna biyu, matar nan tana ta jan gogenta, kuma babu abin da ya ragu a kunnen ko ɗaya daga cikinsu. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata Leli. Ya tashi ya kai kunnensa daf da tuwitar. Shiru. To amma da tana da rai, me zai ji?

"Haba, ba zai yiwu ba," in ji Stavros a hankali. "Yanzun nan fa na ji su."



Leli ya durƙusa gaban dak, ya kwance murfin da sukudireban da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya ɗora yatsa a kan ofam. Ya fizge hannu da ihu, rantsuwar mutanen Malta ta kuɓuce masa: "Madonna!" Fatar yatsan ta yi fari fat. Abar da ya kamata ta yi ɗan ɗumi kawai ta yi zafi kamar bakin murhu.

Ya miƙe ya fita. Gidansa ba nisa, sai ga shi ya dawo yana haki, rungume da na'urar awon, tsumman yana rataye a jikinta. Ya jona ta a mafitar dak, aka kashe kiɗa. In babu kiɗa, kamata ya yi koren layin ya kwanta siriri kamar zare. Maimakon haka allon ya cika da kore tun daga sama har ƙasa.

Ba sai an yi masa bayani ba, tun yana ɗan koyo ya san wannan hoton. Ofam mai sauri da aka cire wa linzami ba ta zama shiru. Ihu take yi ita kaɗai, ba hutu, can sama inda babu ɗan Adam da ke ji. Amfilifayar Neville kuwa ba ta tace komai, abin da aka ba ta shi take ƙara wa ƙarfi ta tura gaba. Ta yi ta tura wa 'yan takardun nan ihun har suka narke, wataƙila ma tun ranar farko, tun Leli bai kai ƙofar gidansa ba.

Neville ya zo ya tsaya a kansa. Ya riga ya ciro rabin takardar, tana tafinsa tana rawa tare da hannun.

"Nev," in ji Leli. "Ni ne. Kafasitan da na yanke ne."

Neville ya dubi tafin hannunsa. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

"Kullum a nan nake zaune, Leli. Kullum da safe sai na kunna su. Ni na yi su da hannuna, kuma ban san sun mutu ba." Ya ɗago kai. "Amma ni ban taɓa cewa ina da kunne ba. Kai muke bi."

Bronwyn ta kama hannun ubanta ta zaunar da shi. Sai ga muryar Stavros daga baya, babu wasa a cikinta ko kaɗan.

"Dakata tukuna. Nawa fa? Ka yanke a nawa?"

Leli bai juyo ba. "Na yanke."

"Na sauran fa?"

"Duk wanda na taɓa a 'yan shekarun nan."

Falon ya kaure. Kowa ya miƙe yana laluben mukullin mota kamar an ce gobara ta tashi a gidansa, waɗanda ɗazu suke jin siliki da ruwan sanyi har suna karo a bakin ƙofa. Pastizzi ya huce a tire ba wanda ya waiwaye shi.

Kwanakin da suka biyo baya Leli ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, na'urar awo a kujerar baya, 'yar jakar kafasitoci a aljihu. Wasu dak ɗin lafiyarsu ƙalau, sa'a ce kawai. Wasu suna ta ihun nan a ɓoye. Har da inda ya tarar da tuwita a ƙone mai ita bai sani ba, sai da aka nuna masa ya dafe kai. Leli ya mayar da abin da ya yanke, ya duba layin ya kwanta, ya rufe murfi. Ba wanda ya ce ya zauna ya saurara. Stavros a gareji ya karɓe shi, ya ce matarsa tana barci, da tsakar rana. Neville kuwa ya buɗe masa ƙofa kamar kullum, ya dafa masa shayi, suka yi hirar ƙwallo suna kauce wa kallon sifikun. Da Leli ya ce zai nemo takardar alminiyam, shi ya yanka Neville ya riƙa nuna masa, sai Neville ya girgiza kai ya ce Bronwyn ta riga ta yi odar na kanti.

Duk da haka zuciyar Leli ba ta sallama ba. Ya ce wa Tessie ranar ce kawai, mura ce ta toshe shi, ko kuma labulayen falon Neville ne masu kaurin tsiya. Tessie ba ta yi musu ba, abin da ba halinta ba. Ta buga waya ta kama masa lokaci a wurin masu gwajin ji, ta ajiye masa rigar da zai sa a bakin gado.

Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai soso a bango, aka ɗora masa abin sauraro a ka, aka ba shi maɓalli. Matar da ke gwajin ta ce duk sanda ya ji ƙara ya danna. Leli ya kusa yin dariya. Ƙarar farko ta zo da kauri, ya danna tun ba ta gama fitowa ba. Wata ta biyo, wata ta biyo, kowace ta fi ta baya siriri, yana danna su da yanga. Sai aka yi shiru. Ya jira. Ya gyara zama. Ta gilashi yana hango matar tana murɗa wani abu tana dubansa, ta sake murɗawa ta sake dubansa. Ya ƙwanƙwasa gilashin.

"'Yata, na'urarki ta tsaya."

Ta buɗe ƙofa. "Ba ta tsaya ba, Mista Farrugia. Na kai ta ƙarshen ƙarfinta."

Ta nuna masa zanen a allo. Layin ya taho a miƙe daga hagu, ya zo tsakiya ya fara gangara, sannan ya faɗi kamar an turo shi daga kan rufi. Ta tambaye shi aikin da ya yi, ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai ta ce irinsu da yawa suna zuwa, ƙarar aiki ta ci rabi, shekaru suka ƙarasa.

"Tun yaushe?"

"Irin wannan ba na bana ba ne, ba na bara ba. Ya daɗe ƙwarai. A hankali yake tafiya, shi ya sa mutum ba ya lura."

"Amma ina jin iska," in ji shi, kamar yaron da aka ƙwace wa abu. "Ina jin farantan."

Ta dube shi da tausayi, ba ta san iskar da yake nufi ba. "Ƙwaƙwalwa tana tuna abin da ta saba ji. Wani lokaci ita ke cike gurbin."

Ya fito ya zauna a mota ya kasa tayarwa. Duk mutanen nan da suka tsaya a bayansa suna riƙe numfashi, da me ya zaɓa musu? Tsoro ne ya kama shi a lokacin, tsoro tsantsa. Kunyar daga baya ta zo.

Ranar da aka sa masa na'urorin ji, 'yan ƙanana biyu masu launin toka da ke maƙalewa a bayan kunne, duniya ta faɗo masa a ka. Mukullan mota suka yi ƙara kamar an zubar da cokula. Ledar burodi a hannun Tessie ta hana shi sakat har gida. A bishiyar ƙofar gidansu korayen aku suna ta tsiwa, ya tsaya yana kallonsu baki buɗe.

"Yaushe waɗannan suka dawo?"

"Ina suka je?" in ji Tessie.

Ya wuce falo kai tsaye. Dak ɗinsa ne kaɗai bai gyara ba a zagayen da ya yi, don ya auna shi ya ga ba ya ihu. Amma shi ne ya fi kowane shan hannunsa. Shekara da shekaru, duk sanda ya ji kiɗa ya dushe sai ya buɗe shi, ya canza ofam, ya rage wannan ya ƙara wancan, yana ɗaga siririn sautin kaɗan-kaɗan har sai ya ji ya dawo masa daidai. Ya zauna a kujerarsa, hasken la'asar a kan gwiwa, ya sa matar nan da gogenta.

Jan farko na gogen ya shige shi kamar an soka masa tsinke. Da farantan suka shigo, babu burushi a ciki, sai ka ce ana watsa tsakuwa a kan kwanon rufi. Ya zabura, ya dudduba wayoyi, babu abin da ya lalace. Ya zare na'urorin daga kunne. Nan take kiɗan ya kwanta, mai laushi, mai zurfi, matar da ya sani ce, wadda ya yi shekaru yana gyara wa sauti. Ya mayar da su, tsinken ya dawo. Ya sake cirewa.

Tessie tana tsaye a bakin ƙofa da kwandon wanki a ƙugu.

"Abubuwan nan ba a saita su daidai ba," in ji shi. "Sun mai da kiɗa kamar ana yanka kwano."

"Daidai suke, Leli."

Ya dube ta.

"Haka yake. Haka kowa ke jin sa."

"Haka kike ji? Kullum?"

"To me ka ɗauka ke korar jikokinka bayan gida da zarar ka taɓa akwatin nan? Ka manta Kirsimetin da ka ɗora ƙaramar a cinya za ka koya mata kiɗa, ta toshe kunne ta fashe da kuka? Ka sauke ta, ka ce uwarta ba ta ba ta tarbiyya ba. Har yau yarinyar nan ba ta shiga ɗakin nan."

Bai manta ba. Ya yi kwanaki yana jin zafin abin, ya ɗauka shi ne ba ta so.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na gwada sau ɗaya, ka ce kunnena na kicin ne." Ta sauke kwandon a ƙasa. "Daga baya kuma na ga in ka zauna a nan ka rufe ido, babu mai farin ciki kamarka a duk Sunshine. Sai na bar ka."

Ta matso ta dubi tafin hannunsa.

"Ajiye su in kana so, ka ji abinka. Ni na saba."

Leli ya daɗe yana kallon 'yan abubuwan nan biyu. Kiɗan yana ta zuba a bayan shirun, mai daɗi yadda ba zai sake zama mai daɗi ba in ya mayar da su. Ya ɗauki ɗaya ya maƙala, ya ɗauki ɗayan ma. Ya mayar da kiɗan tun daga farko, bai rage ƙara ba. Tessie ta jawo kujera ta zauna a gefensa. Goge ya shigo, ta runtse ido, shi ma ya runtse nasa, hawaye suna bin kumatunsa, suka zauna har ƙarshe. Rabon da su ji abu ɗaya a ɗakin nan har sun manta, kuma babu daɗi a cikinsa ko kaɗan.